Labarin Ƙasa: Karatun Da Ke Bin Sawun Jama'a

A shekarar 2012 an samu yara 122 da cutar shan inna ta kama a Najeriya, fiye da rabin duk waɗanda aka samu a duniya a wannan shekara, kuma kusan dukkansu a Arewa. Maganin rigakafi akwai shi, ma'aikata suna fita gida-gida. Kowa ya san labarin iyayen da ke ƙin bayar da yaransu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, akwai yara da yawa da ba wanda ya hana su, ba a dai taɓa isa ƙofar gidansu ba ne. Taswirar da ma'aikata ke aiki da ita da hannu aka zana ta, sau da yawa daga abin da wani ya tuna. Rugar da ke bayan kogi ba ta ciki. Ƙauyen da ke bakin iyakar mazaɓu biyu, wannan ayari ya ɗauka na wancan ne, wancan ma ya ɗauka na wannan ne.

Sai aka shigo da hotunan tauraron ɗan Adam. Aka zaunar da matasa gaban kwamfuta suna bin rufin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma suka hau babura suna zuwa su tabbatar da sunan kowane ƙauye daga bakin mutanensa. Aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke ajiye sawun duk inda suka taka, da yamma a ɗora sawun a kan taswira a ga inda aka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa, mai babban ofishi a Kano, na cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki. Ba taswira kaɗai ce ta kori cutar ba, sarakuna da malamai sun yi rawar gani, amma a ranar 25 ga Agusta 2020 da aka sanar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, masu zana taswirar nan suna da rabonsu a ciki.

Irin aikin da reshen labarin ƙasa da ya shafi ɗan Adam ke horar da mutum ya yi ke nan. Ɗaya reshen ya fi damuwa da duwatsu da koguna da iska da ruwan sama. Wannan kuwa tambayarsa ita ce: ina mutane suke, me ya zaunar da su a nan bai zaunar da su can ba, me ke tashinsu, kuma me zamansu ke yi wa ƙasar? Me ya sa kasuwar hatsi ta Dawanau ta kafu a bakin hanyar Katsina? Me ya sa kasuwannin dabbobi irin na Maigatari da Mai'adua da Illela duk suke jingine da iyaka? Ɗan ci-rani daga Damagaram, wace unguwa yake sauka a Kano, wa ke karɓarsa, kuma wane wata yake komawa gida?

Tambayoyin ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen Tukururu da mutanensu, kuma da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya koma Ingila da taswirar da aka zana masa a fadar Bello, wadda daga baya aka buga a Landan. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta da 30,000, ya ce adadin kan ninka a lokacin fatauci. Daga baya farfesan labarin ƙasa ya zama a Balin.

Amma wanda ya fi dacewa ɗalibin yau ya san labarinsa shi ne Michael Mortimore. Ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962 yana saurayi, ya koyar har zuwa 1979, sannan ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a matsayin farfesa har 1986. A zamaninsa masana da yawa a Turai sun gama yanke hukunci cewa duk inda jama'a suka yi yawa a ƙasa mai ƙarancin ruwa, ƙasar mutuwa take yi: a sare itatuwa, gona ta gaji, hamada ta shigo. Shi kuwa sai ya fita ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda mutane suka fi cunkushewa, inda ake noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, ya ga abin ba haka yake ba. Ya ga jakuna suna shiga birni da itace, suna fitowa da mangalar taki. Ya ga an ɗaure awaki da tumaki a gida lokacin damina ana tara takinsu, ana ciyar da su da harawa da karmami. Ya ga gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, ga ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsaye, kowace bishiya da mai ita, ba mai taɓa ta sai da izini. Yawan jama'a bai kashe ƙasar ba, hannun da ya yi yawa ne ma yake rayar da ita. Shi da abokin aikinsa Wilson suka buga sakamakon a 1965.

Da farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya zo, sai ya kama zuwa wani ƙauye mai suna Dagaceri, a Jihar Jigawa ta yanzu, ya yi ta komawa shekara bayan shekara sama da shekara goma yana rubuta yadda gidaje ke tsallake wuya: wa ya sayar da akuya, wa ya tafi ci-rani, wa ya koma saƙar kaba, wane irin gero aka bari aka kama wane. Daga nan littafinsa na 1989 a kan yadda manoma ke jure fari ya fito. A 1994 kuma, tare da Mary Tiffen da Francis Gichuki, ya nuna irin wannan abu a yankin Machakos na Kenya, inda jama'a suka ninka sau biyar cikin shekara sittin amma zaizayar ƙasa ta ragu. Har ya rasu a 2017 yana jayayya da masu cewa manomin Sahel shi ne maƙiyin ƙasarsa.

Ba wata na'ura mai tsada ya yi aiki da ita ba. Hotunan sama, igiyar awo, littafin rubutu, da haƙurin zama a zaure.

A tsallaken iyaka ma masana labarin ƙasa ne suka bayyana wa duniya abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture da tsiron itatuwa a lokacin sassabe, suna barin wasu rassa su girma, abin da suke kira sassabin zamani. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. To amma girman abin bai fito fili ba sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan Holan, tare da masana 'yan Nijar, suka jera hotunan sama na 1975 da na bayan 2000 suka gwada. Ƙiyasin da suka fitar shi ne kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. A yankin Magariya da Matamaye da Mirriya gawo ne ya fi yawa. Manoman sun san gonakinsu sun cika da itace. Abin da ba su da hanyar sani shi ne maƙwabtansu na nisan kilomita ɗari ma haka suke yi.

Kada a ɗauka fannin na yabon manomi ne kawai. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1970, ya bi tarihin yunwa a Arewa, har da Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ya kafa hujja a littafinsa na 1983 cewa rashin ruwan sama ba shi kaɗai ke kawo yunwa ba. Harajin da dole a biya da kuɗi, da noman gyaɗa don kasuwar waje, da bashi, su ne suka zubar da rumbunan tsimi suka bar talaka ba madogara. Shi da Mortimore ba su yi ittifaƙi a kan komai ba, kuma ɗalibin da ya karanta su biyun zai fi wanda ya haddace ɗaya.

Babban ɗan Najeriya a wannan fage kuwa haifaffen Kano ne. An haifi Akin Mabogunje a 1931, ya zama farfesan labarin ƙasa na farko ɗan ƙasa a Jami'ar Ibadan a 1965, ya buga littafinsa a kan bunƙasar birane a Najeriya a 1968. Daga 1980 zuwa 1984 ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar, a 2017 kuma ya karɓi lambar Vautrin Lud, wadda ita ce mafi daraja a fannin. Abin lura a rayuwarsa shi ne yawan wuraren da ilimin ya shigar da shi bayan aji: ya ba da shawara a tsarin Abuja tun tana daji, ya shugabanci hukumar bankunan al'umma a farkon shekarun 1990, ya jagoranci kwamitin shugaban ƙasa kan gyaran tsarin mallakar filaye a 2009. Ya rasu a 2022.

To, yaron da ke aji shida na sakandare a Funtuwa ko Azare, ta ina zai shiga?

Ƙofar ba ta da wuya. Kiredit biyar har da Turanci da lissafi, jarrabawar JAMB, sai shekara huɗu a jami'a. Akwai sashen labarin ƙasa a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Katsina da wasu jami'o'in jihohi, a Nijar kuma akwai a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta André Salifou a Damagaram. Sharuɗɗan sun ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, domin wata ta ajiye sashen cikin kimiyya, wata cikin nazarin zamantakewa, wata cikin muhalli, don haka a duba kundin JAMB na shekarar kafin a cike fom. Cikas na farko yakan zo tun daga sakandare, inda darasin ya zama na ganin dama, makarantu da yawa kuma ba su da malaminsa. Gaskiya ce kuma sananniya cewa ɗalibai da yawa ba su nemi wannan kwas ba, an tura su ne bayan sun rasa likitanci ko injiniya ko lauya. Wasu sukan gama shekara huɗun suna jin haushi. Wasu kuwa fita ta farko zuwa aikin fili ce ke juya musu tunani.

A shekarun farko kowa yana karanta komai: yanayi, ƙasa, karatun taswira, ƙididdiga. Daga baya ne mai sha'awar jama'a zai karkata zuwa nazarin yawan al'umma da ƙaura, birane, karkara da noma, sufuri, kasuwanci, ko yaɗuwar cututtuka.

Sai maganar aiki, wadda ita ce iyaye ke jira. Da wuya a ga sanarwar da ke cewa ana neman masanin labarin ƙasa. Abin da ake gani shi ne ana neman jami'in taswira, jami'in tattara bayanai, mai sa ido kan ayyuka da auna sakamakonsu, ko mai nazarin tasirin aiki ga muhalli da jama'a. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na buƙatar masu raba ƙasa gida-gida zuwa ƙananan yankunan ƙirga. Hukumomin filaye na zamani, AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, aikinsu shi ne mayar da tsoffin fayel-fayel zuwa taswirar kwamfuta, a san wane fuloti na wane ne. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA da takwarorinta na jihohi suna buƙatar wanda zai faɗa musu unguwannin da ruwa zai fara ci da inda mutanen za su nufa. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, bayan fashewar madatsar ruwan Alau, ta nuna tsadar rashin wannan shiri. A Arewa maso Gabas hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana bibiyar 'yan gudun hijira sama da miliyan 2 sansani-sansani, gari-gari, kuma 'yan ƙasa ne ke tattara bayanan. A Nijar, tun bayan dokar karkara ta 1993, kwamitocin filaye ne ke shata burtali da makiyaya da mashaya, ga cibiyar AGRHYMET a Yamai da ke sa ido kan damina da abinci a yankin Sahel tun 1974. Kamfanonin waya da bankuna da masu rarraba kaya su ma suna son sanin inda abokan cinikinsu suke kafin su kafa turke ko su buɗe reshe.

Mafi yawan masu digirin dai aji suke komawa, a sakandare ko kwalejin ilimi, kuma ba abin kunya ba ne, ganin ƙarancin malaman da aka ambata. Aikin ƙungiyoyin agaji ya fi maiƙo amma na kwantiragi ne, wata shida ko shekara, kuma yana tafiya da kuɗin masu bayar da tallafi. Ranar da suka janye, ofis ya rufe. Aikin gwamnati kuwa kowa ya san yadda ake samunsa. Akwai kuma iyakar da ya kamata a sani tun da wuri: digirin labarin ƙasa ba ya mayar da mutum safiyo ko mai tsara birane mai rajista. Kowane ɗayan biyun yana da majalisarsa, SURCON da TOPREC, kuma sai an ƙara karatu an ci jarrabawarsu.

Abin da ke raba wanda ya samu aiki da wanda ke yawo da takarda, a mafi yawan lokuta, shi ne iya sarrafa taswirar kwamfuta, wato GIS. A nan ne jami'o'inmu da yawa suka gaza. Ɗalibi zai ci jarrabawar darasin da maki mai kyau, ya kawo ma'anarsa da tarihinsa, alhali bai taɓa buɗe manhajar da hannunsa ba, saboda ɗakin kwamfutar a kulle yake ko babu wuta. Amma uzurin ya fara ƙarewa. Manhajar QGIS kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutar hannu na iya ɗaukarta. KoboToolbox da ODK, waɗanda ƙungiyoyi ke tattara bayanai da su, a wayar Android suke aiki. Hotunan tauraron Landsat, da ke komawa baya har 1972, kyauta ake sauke su tun 2008. Shirin GRID3 ya zuba bayanan ƙauyuka da asibitoci da makarantun Najeriya a intanet ga duk mai so. Kowa na iya shiga OpenStreetMap ya zana titunan unguwarsu. Ɗalibin da ya je neman aiki da taswirar da ya haɗa da kansa, ko da ta rijiyoyin burtsatsen mazaɓarsu ce da nisan kowace daga gidaje, ya riga ya sha gaban masu sakamako mafi kyau da ba su da abin nunawa. Mai son zurfafawa akwai cibiyar AFRIGIST a Ile-Ife, wadda ke horar da 'yan Afirka ta Yamma da Turanci da Faransanci.

Kwamfutar dai rabin aiki ce. Tauraro yana ganin rufin kwano, ba ya faɗin mutum nawa ke kwana a ƙarƙashinsa, ko gidan na haya ne ko na gado, ko mai shi ya gudo ne daga wani ƙauye. Wannan sai an je an tambaya, tambayar kuma tana da ladabinta. Ba a shiga gari sai an gaida hakimi ko dagaci, shi kuma ya haɗa baƙo da mai unguwa. Ba a tambayar makiyayi shanunsa nawa kai tsaye, domin ƙirga dabba tun zamanin jangali ba ta taɓa zuwa masa da alheri ba. Magidanci da yawa ba ya son lissafa 'ya'yansa a gaban baƙo. Gidan da aka rubuta ba a shiga kuwa, namiji iyakarsa zaure, kuma amsar da maigida zai bayar game da ruwan sha ko itacen girki ko haihuwa ba lalle ta zo ɗaya da ta matan ciki ba. Shi ya sa mace mai wannan ilimi take da kasuwa fiye da yadda 'yan mata da iyayensu suke zato. Wanda ya tashi a cikin waɗannan al'adu, yana jin Hausa, wataƙila da Fulatanci ko Barbarci, yana riƙe da jarin da masanin waje ke shafe shekaru yana nema. Idan ya haɗa da Faransanci, aiki daga Yamai har Njamena a buɗe yake gare shi.

Abubuwan bincike kuwa ba sai an je nesa ba. A gefen Kano gonaki suna zama unguwanni ta hanyar awon igiya, ba titi ba magudana, hukuma ba ta zuwa sai an gama gini. Kududdufan cikin birni da ke shanye ruwan sama ana cike su ana gini, sai ruwan ya nemi ɗakunan mutane. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya kowa ya ji a jikinsa. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke zuwa kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980, mutane suka bi ruwan suna noma a inda ya janye, har suka tsallaka iyakokin da ba su gani ba. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta ware wuraren kiwo, amma gano inda burtalan suke a yau, da wanda ya noma su, da yaushe, aiki ne na taswira da tsoffin hotuna da hira da dattawa. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake shimfiɗawa, wanda zai taɓa kasuwar Jibiya da duk garin da ya ratsa.

Rashin tsaro ya taɓa aikin sosai. Ƙauyuka da yawa a Zamfara da Katsina da Borno ba sa shiguwa ga mai bincike, kuma malamai kan hana ɗalibansu zuwa. Sai ya zama ana dogaro da hotunan sama a ga gonakin da aka bari ba shuka da garuruwan da suka zama kufai, ana hira da mutanensu a inda suka yi hijira. Wani nauyi kuma ya ƙaru a wuyan mai aikin: taswirar da ke nuna inda kowace ruga da kowane gida yake, idan ta faɗa hannun da bai dace ba, makami ce. Ƙungiyoyin da suka san aikinsu ba sa sakin irin wannan bayani sai sun ɓoye abin da zai nuna gida ko mutum.

Babban aikin da ke jiran masu wannan ilimi shi ne ƙidaya. Rabon Najeriya da ƙirga mutanenta tun 2006, lokacin da aka samu miliyan 140, Jihar Kano da sama da miliyan 9. An shata yankunan ƙirga da hotunan tauraro, an sayi na'urori, an horar da ma'aikata don ƙidayar 2023, sai aka ɗage ta ana saura kwanaki. Adadin da hukuma ke faɗa a yau na mutanen Kano ko Gusau ko Damaturu ƙiyasi ne da aka ɗora a kan lissafin 2006, kuma da shi ake raba allurai da azuzuwa.